Kwana 7 a kogin Kolorado cikin Grand Canyon: amsa ga mai shirin tafiya da iyalinsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kai da madam kun riga kun biya kuɗin tafiyar kwana 7 a kogin Kolorado cikin Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon nan na jihar Arizona a Amurka, a watan Yuli, jirgin roba mai inji, da 'yan jagora, kwana a bakin ruwa, za ku tashi daga Lees Ferry a ɗauke ku da helikwafta a Whitmore. Abin da ke hana ka barci kuma shi ne kai iyonka na kududdufi ne, ita ko wannan ma babu, sai maganar kayan da za a ɗauka da yadda za a yi da salla da abinci. Toh bismillah. Ni a Arizona nake zaune, kuma na yi kaka biyu ina bin irin jiragen nan a matsayin yaron jirgi, wato dai karen mota amma na ruwa, ni ne ɗaure igiya, ni ne sauke kaya da wanke tukwane, har da ɗaukar akwatin bayi kullum safiya, saboda haka abin da zan gaya maka daga ƙasa na gan shi ba daga kujerar fasinja ba.

Bari in fara rage maka nauyi. Ruwan da kake tsoro aikin matuƙi ne, kuma ya san shi dutse-dutse. Mutanen da na ga tafiyar ta gagare su kusan duk ba mahaukacin ruwa ne ya kayar da su ba, ƙananan abubuwa ne da suka raina tun daga gida: ƙafa ta tsage, rana ta ƙona su tun ranar farko, ciki ya ɓaci, ko mutum ya yi ta ɗirkar ruwa bai ci komai ba har ya fara sambatu. Wannan ɓangaren kuwa babu ɗan jagoran da zai yi maka, naka ne.

Amma tunda ruwan ne a ranka mu gama da shi. Daga Lees Ferry ake fara ƙirga mil, nan ne sifili, ku kuma za ku fita wajen mil 187, kenan kusan kilomita 300 za ku ci. A tsakani akwai wuraren da ruwa ke hauka, masu jirgi na ce musu rafid, kuma a wannan kogin daga 1 zuwa 10 ake auna su. Manyan da za ka ji ana ta ambata su ne Hance wajen mil 77, Crystal a mil 98 wanda ambaliyar Disambar 1966 ce ta turo duwatsu cikin kogin ta mai da shi abin da yake yau, sai uban tafiyar Lava Falls a mil 179, shi ma in an shige shi ko minti ɗaya ba a yi an wuce, sai dai ihu. Jirgin inji ƙato ne, tsawonsa ya haura mita 10, da wuya ƙwarai ya kife. Abin da ya fi faruwa shi ne igiyar ruwa ta daki mutum ya saki riƙonsa. Shi ya sa in matuƙi ya ce a riƙe, hannu biyu ake riƙewa a wuri biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ba hannu ɗaya kan igiya ɗaya kan waya ana bidiyo ba. Gaban jirgi ya fi shan ruwa da jijjiga, baya kusa da matuƙi ya fi lafiya, wasu jagororin har akurkin kaji suke ce wa wajen don tsokana. Ku zauna a akurkin kwana biyun farko babu kunya, na sha ganin wanda ya fara daga can ranar ta huɗu sai da aka roƙe shi ya bar wa wasu gaba.

Rigar kariya, wato wadda ke hana mutum nutsewa, dole ce muddin jirgi na kan ruwa, dokar hukumar da ke kula da Grand Canyon ce ba ra'ayin matuƙi ba. Kuma ba sakawa kawai ba, ɗaurewa. A ja maɗauran har ka ji numfashi na ɗan matsewa, sannan wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga, in ta taho har kunnenka bata ɗauru ba. Dalili, in ka faɗa ta kafaɗun nan za a fizgo ka cikin jirgi, in da sako-sako rigar za ta taho kai ka zauna. In har an faɗa: daƙiƙun farko sanyi zai sa ka ja numfashi ba da sonka ba, rufe baki, rigar za ta taso da kai. Ka kwanta rigingine ƙafa ta fuskanci inda ruwa ya nufa, ka shaƙi iska tsakanin igiyar ruwa da mai bi mata, ka nemi jirgi da ido ka bi abin da ake nuna maka da hannu. Kar ka kuskura ka ce za ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, ƙafa na maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. In an jefo maka jaka mai igiya, igiyar za ka kama ba jakar ba. Ka ga duk cikin wannan babu inda ake buƙatar gwanin iyo, natsuwa ake buƙata. Shawarata kafin Yuli ku je wurin iyo na unguwa sau huɗu ko biyar, akwai masu ware lokacin mata, ta saka rigar kariya ta kwanta a ruwa har jikinta ya yarda cewa rigar nan na riƙe mutum, ta saba da ruwa ya watsu a fuska. Kuma ku rubuta a fom ɗin kamfani cewa bata iya iyo ba, ku sake faɗa wa matuƙi baki da baki ranar farko. Ba za su kore ku ba, wurin zama za su zaɓa muku su sa ido.

Yanzu abin da ba wanda yake yarda sai ya gani. Yuli a ƙasan kwazazzabon nan zafi na wuce digiri 40 cikin sauƙi, iska in ta buso kamar ka buɗe murfin tanda, wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san irinta. Ruwan kuma ƙanƙara. Tun 1963 da aka tare kogin da madatsar Glen Canyon, ruwan daga can ƙasan tafkin Powell yake fitowa, yawanci wajen digiri 10, sai shekarun da tafkin ya ja baya sosai yake ɗan sassautawa. Toh da safe ƙarfe takwas rana bata leƙo cikin kwazazzabo ba, kuna inuwa, igiya ta yi maka wanka, iska na kaɗawa, wallahi haƙoranka sai sun haɗu a watan Yuli. Don haka rigar ruwa ta roba, riga da wando, ita ce abu na farko a jakar hannu, mai kyau wadda wuya da hannu suke tsukewa, ba ledar nan ta dala biyu da iska ke yagawa ba. Da rana ta take kuma lissafi ya juye, da kanka za ka tsoma riga a kogi ka mayar jiki.

Tufafi iri biyu ne. Na kan jirgi yadin roba mai saurin bushewa, irin jesin 'yan ƙwallo, dogon hannu da dogon wando. Na zango kuma auduga mara nauyi, a nan jallabiya ta fi komai, har Turawan sai sun tambaye ka inda ake sayarwa. Kar ka ce mu baƙaƙe rana bata ƙona mu, tana ƙonawa, musamman bayan ƙafa da gwiwa da leɓe da bayan wuya, ni kaina sai da hancina ya saɓule a kakar farko kafin na daina musu. Man kariya daga rana, man leɓe, malafa mai igiya a haɓa don iska, tabarau shi ma da igiya. In kana sa gilashin ƙara gani ka taho da na biyu, kogin nan ya ci gilasai ba adadi.

Ita madam a gaskiya shigarmu ta fi dacewa da wurin nan fiye da ta masu gajeren wando, su ne suke komawa kamar an gasa. Abu ɗaya dai, dogon hijabi mai jan ƙasa ba na kan jirgi ba ne, zai iya sarƙewa da igiya ko ƙugiya, in ya jiƙe kuma nauyi. Ta samu ƙarami irin na 'yan wasanni ta cusa bakinsa cikin rigar kariya, babban ta ajiye na salla da zango. Ta ɗauki zani biyu, zani a can ya fi tawul amfani: labule ne in za a canza kaya, inuwa ne, in an jiƙa an lulluɓa kuma ya zama iyakwandishan. Ta yi kitso ƙanana kafin tafiya saboda laka da rairayi. In lokacin al'ada zai faɗo cikin kwanakin ta tanadi kayanta da 'yan ledoji masu zif, ba a binne komai ba a jefa komai a ruwa, akwai matan jagorori ko ma'aikata a yawancin tafiye-tafiyen, ta yi musu magana sun saba.

Ƙafa. A nan zan daɗe don nan ne mutane suke kuka. Yini guda ƙafarka na jiƙewa tana bushewa a iskar da babu laima ko kaɗan, ga laka mai tsotse maiƙon fata, kwana uku sai faso ya buɗe irin na tsakiyar hunturu, har yatsun hannu suna tsagewa a gefen farce ka kasa ɗaure jaka. Na taɓa raina wannan, rana ta biyar ina taka rairayi kamar ina taka reza, wani tsohon matuƙi ya dube ni ya miƙo min gam ɗin nan mai kamawa nan take ya ce in liƙe tsagar, haka na ƙarasa tafiyar. Maganin tun kafin ya fara ne: kowane dare a wanke ƙafa, a bushe, a laɓta basilin ko man kaɗanya sosai, a saka safa a kwanta. Tun daren farko, ba sai ta tsage ba. Takalmi kuma sandal mai maɗauri a dunduniya da ƙasan da baya santsi, silifas kogi zai tafi da shi tun a Lees Ferry. Kuma dan Allah kar a sayo sabo a ɓare shi ranar tafiya, a saya yanzu a yi ta yawo da shi, har a jiƙa shi a yi tafiya a ga inda yake ci. A haɗa da kambas ɗaya mara nauyi na hawan dutse, saboda kusan kullum akwai inda za a tsaya a taka: kogon Redwall a mil 33 wanda girmansa sai ka shiga za ka gane, rumbunan Nankoweap wajen mil 53 da mutanen dauri suka gina a jikin dutse kusan shekara dubu da suka wuce (hawan akwai tsayi, amma daga can ne ake ɗaukar hoton nan da kowa ya sani), mahaɗar ƙaramin Kolorado a mil 61 mai ruwa shuɗi kamar an zuba bula, magangarar Deer Creek a 136, da rafin Havasu a 157. Ba dole ba ne kowane hawa, wanda ya gaji ya zauna a inuwa. Wuraren nan da yawansu masu alfarma ne ga ƙabilun asali irin su Hopi da Navajo da Havasupai da Hualapai, ko ɓallin tukunya ka gani a ƙasa kallo ne naka, ba a ɗauka.

Yuli kuma farkon daminarsu ce, hadari na haɗuwa da yamma. In an yi ruwa a sama kogin da kuka faro shi kore shar zai koma ja kamar kunun kanwa, shuɗin ƙaramin Kolorado ma ya tafi, wannan sa'a ce kawai. Haɗarin shi ne ambaliya a ƙananan kwaruruka, ruwan da aka yi a nesa inda ko gajimare baka gani ba sai ya taho da duwatsu. In jagora ya ce yau ba za a shiga kwari kaza ba kar a yi masa ƙorafin an biya kuɗi.

Sai sha da ci. Kowa zai ce maka sha ruwa sha ruwa, gaskiya ne, gora biyu ta lita ɗaya-ɗaya da ƙugiyar maƙalawa a jirgi. Abin da ba a cika faɗa ba, ruwa zalla babu gishiri shi ma yana kayar da mutum, kana zufa gishirin jiki na fita kana ƙara ruwa kana tsarma wanda ya rage, sai ciwon kai da tashin zuciya da rikicewa, mutum ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara sha abin ya ƙara ɓaci. Duk sanda ka sha ka ɗan tauna abu mai gishiri, ko da zafi ya kashe maka sha'awar abinci, kuma ka jefa 'yan fakitin garin gishiri da sukari a jaka. In ɗayanku sikila ne, ko akwai asma, ciwon suga ko na zuciya, a ga likita kafin a tafi a faɗa masa ainihin yanayin, ruwan sanyi da bushewar jiki da gajiya su ne daidai abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Magungunan da ake sha kullum a raba gida biyu a jaka biyu. Can ciki babu sabis ko ɗigo, wayar tauraron ɗan'adam ce kawai a hannun jagora don larura, fitar gaggawa kuma sai helikwafta, saboda haka a duba inshora tun yanzu, kuma a gaya wa su Hajiya a gida cewa mako guda ba za a ji ku ba kar hankali ya tashi.

Abinci suna dafawa sosai, har mamaki za ka yi, amma karin safe na Amurkawa naman alade baya rasa. Ku rubuta musu tun yanzu, ba mako ɗaya kafin tafiya ba, don a kulolin da aka loda a ranar farko za a ci har ƙarshe, babu kasuwa a hanya. Mafi sauƙi ku ce ba kwa cin nama sai kifi da ƙwai da ganye, ku roƙa a soya naku a kasko daban ko a fara da naku. Ku riƙo yaji, dabino, ƙuli-ƙuli, da kilishi in akwai mai yi a inda kuke, kar dai a sa a taho muku da shi daga gida, kwastan na Amurka basa barin nama ya shigo. Duk abin ci a rufe shi ruf, hankakin wurin nan ɓarayi ne na gaske, zif suke buɗewa da baki ina kallo. Abokan tafiya wasu za su sha giyarsu da yamma, ba mai matsa maka.

Bayi. Kar ka ji kunya kowa wannan yake son tambaya. Mutum sama da 20,000 ke bin kogin a shekara kuma zangon 'yan tsirarun rairayi ne, shi ya sa duk bahayar da aka yi a akwati ake yi a fita da ita. Ana kafa akwatin da mazauni a wani lungu mai sirri, sau da yawa da kallon kogi mai kyau, a bakin hanya kuma a ajiye wata alama, in ka tarar babu ita da mutum a ciki sai ka jira. Fitsari kuma cikin kogi ake yi kai tsaye ko a bokitin da aka tanada a juye a kogi, ba a kan busasshen rairayi ba don wari yake bari. Inda mu abin ya shafe mu shi ne tsarki, ba a son ruwa na shiga akwatin saboda cika da nauyi. Ku taho da ƙaramar buta, a fara da takarda a akwati, sannan a ƙarasa da ruwa a kan bokitin fitsarin da ke gefe. Ka ja jagora gefe ranar farko ka yi masa bayani, minti biyu ne. Bayan nan wanke hannu da sabulu, haka kafin a taɓa abinci, kowane lokaci, babu ɗaga ƙafa. A 2022 cutar amai da gudawa ta norobairos ta kama sama da mutum 200 cikin masu bin kogin da masu yawon ƙafa a wurin, kuma man goge hannun nan na sanitaiza baya kashe ta sosai, sabulu da ruwa ne. Wanka a babban kogi ake yi, a gefe inda ruwa bai kai gwiwa ba, sabulu haramun ne a ƙananan rafuka.

Salla bata da wahala yadda kake zato. Matafiya ne ku, ga kasaru ga haɗi. Ana tashin mutane da kiran kofi wajen biyar da rabi, ka riga su ka yi asuba cikin shirun da baka taɓa jin irinsa ba. Yawanci ana yada zango tsakanin uku da biyar na yamma, sai a haɗa azahar da la'asar, ko a yi lokacin tsayawar abincin rana. Ka buga jadawalin lokuta a takarda ka sa a leda, saboda rana na ɓuya bayan bango tun da sauran awanni kafin magariba ta gaskiya, kuma agogo ka saita shi kan lokacin Arizona, su basa canza agogo da bazara. Alƙibla daga can arewa ce da ɗan karkata gabas, ƙaramin kamfas ya wadatar. Ruwan kogi ko ya yi ja da laka yana alwala, ƙasarsa ce ta canza shi.

Dare kuma a Yuli da kyar za ka so tanti, duwatsu na amayo zafin da suka sha, gadon zango ko shimfiɗa a fili ya fi, ka jiƙa zanin gado ka lulluɓa. Ka kafa tantin dai in hadari ya haɗu. Kar a bar kaya dab da ruwa, kogin na hawa yana sauka cikin dare gwargwadon ruwan da madatsa ta saki don wutar lantarki. Kar a yi yawo ba takalmi, a kakkaɓe takalmi da rigar kariya da safe saboda kunama, jajayen tururuwan nan kuma cizonsu ya fi na cinnaka, ɓurɓushin abinci ke jawo su. Tocila ta goshi da batir na ƙari, fawa bank ɗaya in za a yi hoto da waya.

Kaya kar su yi yawa. Kamfani ne ke bada jakar da ruwa baya shiga, da jakar barci da tanti da kwanuka, kuma saboda helikwaftan Whitmore ana ƙayyade nauyi, galibi wajen kilo 10 ko 11 kowane mutum, duba takardar da suka aiko maka ka bi ta. Kaya kala uku sun isa, kowa datti ne a can ba mai kallon wani. Abin da za ka buƙata da rana ya shiga ƙaramar jaka, babbar in an ɗaure ta da safe sai zango. Ka ware kaya masu tsabta kala ɗaya a leda na ranar fita, daga helikwafta za a sauke ku a wani gidan gona mai masauki da ake kira Bar 10 a yi wanka, sannan ƙaramin jirgin sama ya kai ku Las Vegas. Daga yanzu zuwa Yuli ku riƙa tafiyar minti 40 da hawan bene, don hawa jirgi da sauka da jan jaka a tudun rairayi kullum sau biyu ya fi rafid gajiyarwa, kuma in an tsaya zango ana yin layi ana miƙa kaya hannu da hannu, ka shiga layin. Sannan ka riƙo tsabar kuɗi a leda na tukuicin ma'aikata, abin da aka saba wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin tafiyar, a daren ƙarshe ake damƙa wa shugaban jagorori shi zai raba, har da karen motar.